Yadda Za Ka Sa Unguwarku ta Zariya a Taswirar Duniya da Hannunka

Bara da damina wani abokin karatuna ya taso daga Kano don ɗaurin auren ƙanwata a cikin birni. Na tura masa wurin da muke ta waya, ya biyo hanya har ya shigo ta Ƙofar Doka lafiya lau. Daga nan wayar ta kai shi bakin titi ta tsaya, domin lungun da zai shiga babu shi a taswira. Sai da muka tura yaro ya taro shi, lokacin har an shafa fatiha. Da dare na buɗe taswirar na duba da kaina. Manyan tituna suna nan, fada tana nan, amma unguwarmu fili ne fetal, kamar ba a taɓa yanke cibiyar kowa a cikinta ba. Abin ya tsaya mini a rai, don wasu gidajen namu sun girmi zuwan Turawa ƙasar Zazzau.

A daren nan autanmu yana gefe yana buga gem da abokansa ta intanet. Ina jin sa yana ce wa wannan ya zagaya ta bayan gini akwai gada, yana ce wa wancan ya kiyayi tudun gabas. Ya haddace taswirar tsibirin da babu shi a duniya. Na ce masa, "Auta, idon nan da kake karanta taswirar gem da shi, shi unguwar nan take bukata." Tun daga makon muka fara aikin da zan koya maka, kuma duk kayan aikin kyauta ne.

Wace taswira ce za ka iya gyarawa?

Sunanta OpenStreetMap, ana taƙaita shi OSM. Wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara ta a 2004, saboda a lokacin bayanan taswirar ƙasarsu suna hannun hukuma, sai da kuɗi ake samu. Tsarinta irin na Wikipedia ne: kowa yana iya buɗe asusu ya ƙara abin da ya sani, kowa kuma yana iya ɗaukar bayanan ya yi amfani da su, muddin ya faɗi inda ya samo. Tun 2012 lasisin da ke kanta, wato yarjejeniyar da ta tsara yadda ake amfani da bayananta, shi ne ODbL. Manhajojin da ake gyara ta da su buɗaɗɗu ne, wato rubutun da aka gina su da shi a fili yake, duk mai ilimin abin yana iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu.

Duniya ta san darajarta a Janairun 2010, da girgizar ƙasa ta rusa babban birnin Haiti. Cikin 'yan kwanaki masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan birnin daga hotunan sama, masu ceto suka yi aiki da zanen. Haka aka sake yi a 2014 lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo. Amma mutumin da ke zaune a Jamus, komai ƙwarewarsa, rufin kwano kawai yake gani a hoton Limancin Kona. Bai san wane ne masallaci ba, bai san wane lungu ne yake ɓullewa ba, bai san sunan rijiya ba. Wannan sai ɗan unguwa.

Mataki na farko: asusu da gwaji

Ka samu kwamfuta mai maus, ko ta aro ce. Ana iya yi da waya, zan zo kan wannan, amma zanen layi ya fi daɗi da maus. Ka shiga openstreetmap.org, ka danna Sign Up, ka sa imel da kalmar sirri da sunan da kake so a san ka da shi. Sunan nan kowa zai gan shi a jikin duk gyaran da ka yi, don haka in ba ka son cikakken sunanka ya bayyana, sa laƙabi. Za a turo maka saƙo ta imel, ka danna mahaɗin ciki, shi ke nan.

Sai ka rubuta Zaria a akwatin nema, ka matso da taswirar har unguwarku ta cika allon, ka danna Edit. Manhajar da za ta buɗe sunanta iD, a cikin burauza take aiki, ba sai ka sauke komai ba. Karon farko za ta yi maka tayin darasin gwaji. Kada ka tsallake shi. A wani ƙaramin gari na Amurka mai suna Three Rivers ake gwajin, kuma ba abin da ake adanawa, saboda haka ka ɓata yadda kake so. Cikin kwata ɗaya na awa za ka gane abu uku da duk taswirar ta ginu a kansu: ɗigo, layi, da kewaye. Ɗigo na ƙaramin abu ne kamar famfo ko shago, layi na hanya da magudanar ruwa, kewaye na gini da fili da kududdufi. A allon rubutu lambar 1 ɗigo ce, 2 layi, 3 kewaye.

Mataki na biyu: rufe kwamfutar ka fita da ƙafa

Dokar da ta fi kowace girma a OSM ita ce ka sa abin da yake nan a ƙasa, wanda wani zai iya zuwa ya gani. Ta biyu kuma, kada ka kwafa daga Google Maps ko wata taswira mai haƙƙin mallaka, ko da sunan titi ɗaya ne. In aka gano, goge aikin ake yi gaba ɗaya, har da na kirkin da ka haɗa da shi.

Kafin ka fara yawo da waya da takarda, je ka gaida mai unguwa. Ka tafi da wani babba in kai yaro ne. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, hanyoyi da masallatai da famfuna muke so mu sa a taswira, don baƙo da motar asibiti su riƙa gane unguwa. Ba ma rubuta sunan mai gida, ba ma ɗaukar hoton cikin gida." A zamanin da muke ciki, wanda aka ga yana tsayawa ƙofa-ƙofa yana danna waya dole a tuhume shi, kuma mutane suna da gaskiya. Sallama ɗaya a zauren mai unguwa tana kashe wannan zargi, sau da yawa ma yakan haɗa ka da dattijon da ya san sunan kowane lungu.

A wayarka ka sa OsmAnd ko Organic Maps. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne da ke aiki da bayanan OSM, kuma in ka sauke taswirar yankinmu sau ɗaya, ba sa ƙara neman data. Ana samun su a Play Store, ana kuma samu a F-Droid, rumbun da ba a sa komai a cikinsa sai buɗaɗɗun manhajoji. Ka kunna ɗaukar sawu, wato wayar ta riƙa rubuta duk inda ka taka, ta adana shi a fayil mai suna GPX. Ka tsaya a sarari minti ɗaya ko biyu kafin ka fara tafiya, don wayar ta kama taurarin GPS sosai. Kada ka kunna daga ƙofar gidanku, matsa zuwa bakin titi tukuna, domin in ka ɗora sawun a intanet mafarinsa zai nuna inda kake kwana.

Ka bi kowane lungu a tsakiyarsa, a hankali. A fili wayar takan kuskure da kamar mita biyar, a lungu mai dogayen katangu kuwa abin yakan fi haka, shi ya sa yana da kyau ka bi muhimmin lungu sau biyu, tafiya da dawowa. A takarda ka riƙa zana abin da waya ba za ta gani ba: nan mota tana wucewa, nan sai Keke Napep, nan sai babur, nan kuwa ko babur sai an tura. Nan kwalta, nan burji, nan turɓaya. Nan kwalbati ya karye. Nan lungun ya toshe, gidan wani ne a ƙarshensa. Ka rubuta sunayen da ke jikin allunan makarantu da kemis da masallatai harafi da harafi. Unguwa ɗaya ta ishe ka a fita ɗaya, kuma da safe ya fi, kafin rana ta take.

Mataki na uku: daidaita hoton sama

Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai daga baya aikinsu duka ya karkace. Da ka dawo, ka tura fayil ɗin GPX zuwa kwamfuta, ka ja shi ka sake a kan allon iD, zai fito a matsayin layi mai launi. Ka danna harafin B, jerin hotunan tauraron ɗan'adam da aka yarda a zana daga kansu zai buɗe, irin su Bing da Esri da Mapbox. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya fi kaifi, wani ya fi sabunta. Hanyar gane sabo ita ce ka nemi ginin da ka san shekarar da aka yi shi, ka ga ko ya fito. A wuraren da gari ke faɗaɗa, kamar wajen Dakace ko bayan Hanwa, hoton shekara uku baya yana iya nuna gona inda yanzu layin gidaje ne.

Sai ka duba ko sawunka ya hau kan hanyar da ke cikin hoton. Ka auna da babban titi a sarari, inda GPS ya fi gaskiya. In ka ga duk sawun ya kauce gefe ɗaya da nisa iri ɗaya, hoton ne ya goce. A ƙasan wannan jerin akwai wurin da aka rubuta Imagery Offset, ka matsar da hoton da kibiyoyin har ya zauna daidai. In kuma akwai titunan da wasu suka riga suka zana kuma sun dace da sawunka, ka daidaita hoton da su. Kada ka kama jan titunan mutane don su bi hoton da shi ne mai kuskuren.

Mataki na huɗu: lunguna

Da hanyoyi ake farawa, don su ne suke kai baƙo ƙofar gida. Danna 2, ka sa ɗigon farko a kan layin titin da lungun ya tashi daga gare shi. Ka tabbata ya manne, za ka ga titin ya yi haske kafin ka danna. Wannan mannewar ita ce ran aikin. In ka bar ɗan tsaga ko na taku ɗaya tsakanin lungu da titi, ido zai ga kamar sun haɗu, amma manhajar nuna hanya za ta ɗauka babu mashiga, ta zagaya da mutum ta wata ƙofar. Ka ci gaba da sa ɗigo a duk inda lungun ya karya kwana, ka bi tsakiya. Da ka kai ƙarshe, ka sake danna ɗigon ƙarshen, layin ya kammala.

Daga hagu za a tambaye ka wane irin layi ne. Masu zanen taswira a Afirka sun yi matsaya a kan wannan: amfanin hanya ake dubawa, kyanta kuma a rubuta shi daban. Hanyar cikin unguwa da mota take bi Residential Road ce, ko da turɓaya ce zalla. Wadda mota ba ta iya shiga, sai mai ƙafa da babur, Path ce, sai ka nuna an yarda babur ya bi. Daga nan ka cika gurbin Surface: asphalt in kwalta ce, unpaved in ba a shimfiɗa komai ba. Ɗan acaba da direban motar asibiti duk wannan gurbin suke bukata, musamman a watan Agusta.

In layinka ya ratsa magudanar ruwa, iD za ta nuna gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ta ba ka zaɓi: gada ce, ko ruwan ne ya bi ta ƙarƙashi. Kwalbati shi ne na biyun. Magudanan ma ka zana su, ka zaɓi Drain, ka ja layin ta inda ruwa yake gangarawa. Kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, ka kewaye su ka zaɓi Pond, in suna ƙafewa da rani ka sa alamar Intermittent. Duk wanda ya ga yadda ruwa yake kwanciya a wasu unguwanni bayan mamako ya san ranar da wannan zanen zai yi amfani.

Mataki na biyar: wurare da sunayensu

Danna 1, ka sa ɗigo a inda abin yake, ka rubuta nau'insa da Turanci a akwatin nema: Mosque, School, Pharmacy, Clinic, Marketplace, Water Well. Rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa duk Water Well ne, sai ka bambanta su a gurbin Pump, na inji ko na hannu. Ƙofofin gari City Gate ne. Ganuwa kuwa, ka zana ta a inda ragowarta take tsaye kaɗai. Inda aka cinye ta da gini, kada ka zana don kishin tarihi, wurin wannan a littafi yake.

Suna shi ne inda na fi so ka natsu. Gurbin Name na sunan da mutanen wurin suke kira ne, wanda kuma yake jikin allo in akwai allo. Kusa da gurbin akwai alamar ƙari, in ka danna za ka iya sa sunan a wani harshe. Ka zaɓi Hausa ka rubuta da ƙugiyoyinsa cif: Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau. In wuri yana da suna biyu, na takarda da na baki, kada ka jefar da ɗaya. Dubi PZ a Sabon Gari: daga kamfanin Paterson Zochonis sunan ya samo asali, yau kuwa ba mai hawa Keke ya faɗi wani suna in ba PZ ba. Irin wannan akwai ma'ajinsa. A can ƙasa, a sashen Tags, kana iya ƙara alt_name don suna na biyu, loc_name don na bakin 'yan unguwa, old_name don tsohon suna da aka daina.

Abin da ba a yi shi ne ƙirƙira. Lungun da ba shi da suna ka bar gurbin a wofi. Kada ka raɗa masa sunan kakanka, kada kuma ka rubuta bayani a matsayin suna, irin "lungun da ke bayan masallaci". Haka masallacin da ba a sa wa suna ba, kalmar Mosque da ka zaɓa ta wadatar, ba sai ka rubuta "Masallaci" ba. In dattawa biyu suka saɓa a kan suna, ka tambayi na uku da na huɗu. Na taɓa shafe mako biyu a kan sunan lungu ɗaya, kuma ban yi nadama ba, don sunan da ya shiga OSM yana yaɗuwa zuwa manhajoji masu yawa, janye shi daga bakin duniya ya fi sa shi wuya.

Mataki na shida: gine-gine

A Samaru ko GRA wannan mai sauƙi ne: danna 3, ka bi kusurwoyin rufin, ka zaɓi Building, ka danna Q don kusurwoyin su miƙe. A cikin birni kuwa sai an yi haƙuri. Gidanmu na gargajiya katanga ce ta kewaye zaure da shigifa da ɗakuna da tsakar gida, rufin wannan ya jingina da na maƙwabci. Soron ƙasa kuma launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, sai ta inuwa ake gane shi. Ka zana abin da ke da rufi kaɗai, tsakar gida ba gini ba ce. Inda ka kasa rabe rufi biyu, bar shi har ka je ka gani. Ginin ƙasa mai zagaye ko mai lanƙwasa kada ka danna masa Q, ba haka magina suka yi shi ba. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallacin Juma'a tun ƙarni na 19 ya cancanci a zana gininsa yadda yake.

Ka kula da gurbin Levels, wato yawan hawa. A 2020 masu buga wasan tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator suka ga wani siririn bene ya soki sama a wata unguwar birnin Melbon ta Ostareliya, inda ba wani dogon gini. Da aka bincika, wani ɗalibi ne ya rubuta 212 a OSM maimakon 2. An gyara a taswirar, amma wasan ya riga ya kwashi bayanan da kuskuren a ciki. Ka sake karanta kowace lamba kafin ka wuce.

Mataki na bakwai: adanawa

Kada ka tara aikin awa uku. Duk bayan lungu biyar ko gini ashirin, danna Save. In wuta ta ɗauke kafin ka adana, iD takan riƙe aikin a burauzar ta tambaye ka ko za ka dawo da shi, amma kada ka dogara da hakan a kwamfutar aro. Za a nemi ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ka yi. Rubuta na gaskiya, kamar "Na ƙara lunguna da famfuna a Kwarbai, na bi su da ƙafa", da Hausa ko da Turanci. A gurbin Sources ka nuna survey da sunan hoton da ka yi aiki da shi. Akwai ɗan akwati na neman wani ya duba maka aikin, ka sa masa alama a makonninka na farko. Sai Upload.

Cikin mintuna kaɗan aikin zai bayyana a shafin OSM. A Organic Maps da OsmAnd sai sun sabunta taswirarsu, yawanci bayan 'yan makonni. In wani ya rubuto maka gyara a ƙarƙashin aikinka, ka amsa da ladabi, ko da daga wata nahiya yake. Wani lokaci shi ke da gaskiya a kan ƙa'ida, wani lokaci kai ke da ita a kan abin da ke ƙasa, sai ka yi masa bayani.

Akwai abin da ba na sawa ko an roƙe ni: sunan mai gida, lambar wayar mutum, wane gida ne na wane attajiri ko malami ko ma'aikaci. Barikin soja na Chindit da na Basawa da shingayen jami'an tsaro kuma, ko kusa kada ka je da wayar ɗaukar sawu ko kyamara.

In waya kaɗai gare ka

A nan Auta ya fi ni. Akwai manhajar Android mai suna StreetComplete, wadda aka tsara ta kamar wasa. Tana nuna maka alamomi a kewayen inda kake tsaye, kowace alama tambaya ce: wannan hanyar kwalta ce ko ƙasa? Akwai fitila a titin nan? Ƙarfe nawa kemis ɗin nan yake buɗewa? Ka amsa, alamar ta ɓace, a ƙara maka tauraro, amsar kuma ta shiga taswirar duniya kai tsaye. Ba ta bukatar ka san ko ɗaya daga kalmomin da na lissafa a sama. Kana iya sauke tambayoyin unguwa a inda akwai sabis, ka amsa ba data, ka tura daga baya. Sharaɗinta ɗaya, ka amsa kana tsaye a wurin, ba kana kwance a ɗaki ba.

Don shaguna akwai Every Door, wadda ta dace da wuri mai cunkoso kamar kasuwar Sabon Gari ko layukan Tudun Wada. Mai son zana layi da gini a waya sai ya nemi Vespucci, mai iPhone kuma Go Map!!. Wanda bai shirya gyara ba ma yana iya barin ɗan rubutu a kan taswirar, ya ce "an rufe wannan hanyar" ko "nan akwai asibiti", wani ya zo ya duba.

Inda aikin yake haɗuwa da wasa

Matasan da ke cika gidajen gem ba su cika sanin cewa wasu wasannin daga wannan taswirar suke ɗibar duniyarsu ba. Pokémon GO, wanda ya fito a 2016, ya koma nuna taswirar OSM a ƙarshen 2017. FlightGear, buɗaɗɗen wasan tuƙin jirgin sama da ake saukewa kyauta, yana ɗaukar gine-gine da tituna daga OSM. A garin da ke da kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, inda yara suke tasowa suna ɗaga kai suna kallon ƙananan jiragen horo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma Arnis, wata buɗaɗɗiyar manhaja da za ka ja mata murabba'i a kan taswira, ta gina maka wurin a cikin wasan Minecraft. In unguwarku ba ta cikin OSM, fili za ta ba ka. In kun zana ta da yawan hawa da komai, za ka shiga ka taka lungunku.

Wannan alaƙa ta taɓa jawo ɓarna. Da 'yan Pokémon GO suka lura cewa wuraren shaƙatawa da ruwa suna shafar abin da wasan yake fitarwa, wasu suka riƙa zana lambuna da tafkunan ƙarya a ƙofar gidajensu, masu sa kai suka sha wahalar gogewa. Don Allah kada a ga irin wannan daga Zazzau. Taswirar da kake wasa da ita, ita ce wani zai bi da mara lafiya a mota da tsakar dare.

In kun kai ku huɗu ko biyar, ku raba unguwar tun kafin ku zauna, kowa da ɓangarensa, babban titi ya zama iyaka. In mutum biyu suka taɓa layi ɗaya a lokaci guda, na biyun zai ga saƙon saɓani wurin adanawa, sai ya zaɓi wanda za a bari, kuma sabon hannu yakan rikice a nan. Masu waya su fita da StreetComplete, masu kwamfuta su zauna zane, a haɗu bayan la'asar a duba na juna. Wanda hannunsa ya faɗa daga baya sai ya koma JOSM, wadda ake saukewa a kwamfuta, ta fi iD sauri in gine-gine sun yi yawa, kuma ana iya aiki da ita ba intanet har zuwa lokacin turawa.

Mataki na ƙarshe shi ne ka mayar wa unguwa abinta. A gefen dama na shafin OSM akwai Share, inda za ka sauke hoton yankin ko PDF. Mai son babba mai tsari sai ya yi amfani da manhajar tsara taswira ta QGIS, ita ma buɗaɗɗiya ce. Ka bar rubutun "© OpenStreetMap contributors" a ƙasan takardar, sharaɗin lasisin ke nan. Ka buga a babbar takarda ka kai wa mai unguwa, ka tafi da jan biro. Ranar da muka kai tamu, dattawan zauren suka sunkuya a kanta, ɗaya ya sa yatsa ya ce, "Yaro, wannan rijiyar an cike ta tun kafin a haife ka, ramin da ka gani na kwata ne. Wannan lungun kuma yana ɓullewa, akwai 'yar ƙofa ta bayan makarantar allo." Gyara bakwai muka kwaso a zaman nan. Auta ya shigar da su a daren, washegari kuma muka koma muka bi ta 'yar ƙofar da wayar a kunne.